TARIHIN JIRA A ƘOFAR JAMI'A: mi ya sa ɗiyanmu ke samun bak bana, su shiga aji baɗi?



Kowace shekara cikin damana, da zarar sakamakon bak ya fito, sai ka ji guɗa na tashi unguwa-unguwa. Ba abin mamaki ba ne, tunda a shekarun nan cikin ƴan takara uku ko huɗu, ɗaya ne ke hayewa. Amma bayan guɗar sai shiru. Watan Oktoba ya zo ya wuce, a girbe hatsi, sanyi ya shigo, yaro na nan gida. An karɓi dosiyensa, sunansa ya fito, sai dai an ce masa ya dakata, ba a fara da sabbi ba tukuna. A wasu sassan jami'o'inmu wannan jira na kai wata shida, wani lokaci har ya doshi shekara. Daga nan sai ƙananan maganganu su taso: "Anya ya samu bak ɗin kuwa?" "Ko dai jami'ar ce ta ƙi shi, ana ɓoyewa?"

Yau muna son mu koma baya mu ga inda wannan jira ya samo asali. Abin da tarihi ke gwada mana shi ne, a Nijar ba kasafai jami'ar gwamnati ke ce wa mai bak "ba mu ɗauke ka ba". Abin da take ce masa shi ne "dakata". Dakatawar ba laifin yaron ba ce, amma shi da uwayensa ke biyan kuɗinta.

BAK TA ZO DA ALKAWARI

Sai mun fara da ita kanta bak. Tsarin Faransa ne muka gada. A 1808 Napoleyon ya kafa ta, kuma tun daga lokacin dokar Faransa ta ɗauke ta a matsayin matakin farko na jami'a. Ma'ana, wanda ya samu bak ya riga ya sa ƙafa ɗaya ciki, yana da haƙƙin a rubuta sunansa.

Ƴan uwanmu na Najeriya ba haka suke ba. Can, bayan jarrabawar gama sakandare akwai ta JAMB, hukumar da aka kafa a 1978, sannan kowace jami'a ta aza makin da take so. Wanda bai kai ba, a fili za a ce masa babu, sai ya sake baɗi. Mu kuwa, in ka cire fannonin da ake tacewa irin su likita, da manyan makarantun da ake shiga ta hanyar konkur, mai bak na da wurinsa a takarda.

To ina matsalar take? Kamar mutum ne ya yanki tike a tasha. Tike na hannunsa, ba wanda ya isa ya ce ba zai yi tafiya ba. Amma in masu tike sun fi kujerun mota yawa, abin da za a ce masa shi ne ya jira mota ta gaba. Tarihin jami'a a ƙasarmu, tun daga zamanin Nasara har yau, labarin masu tike ne da ƙarancin mota.

LOKACIN DA ƘOFAR KE DAKAR

A zamanin mulkin mallaka ko maganar jami'a ba a yi a Nijar. Iyakar inda yaro mai ƙwazo zai kai ita ce makarantar William Ponti ta ƙasar Senegal, wadda ta zauna a tsibirin Gore kafin a mayar da ita Sebikotan. Da konkur ake shigarta, kuma ƴan Nijar da ke samu a shekara ba su taka kara sun karya ba. Can Bubu Hama ya yi karatu, ya dawo a 1929 a matsayin ɗan Nijar na farko da ya fito daga cikinta da takardar malanta. Jori Hamani da Jibo Bakari duk can suka bi. Amma Ponti ba jami'a ba ce, takardarta ma ba ta kai bak ba. An shirya ta ne don a samu mushen lakwal da akawu da mataimakan likita da za su yi wa Nasara aiki.

Mu dubi hanyar da Abdu Mumuni ya bi, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. An haife shi a Tasawa a 1929. Ya yi makaranta a Damagaram, ya wuce Yamai, ya tafi Ponti. Da ya ida Ponti bai samu shiga jami'a kai tsaye ba, sai da ya koma lise a Dakar ya biɗi bak, kana ya wuce Paris. A 1956 ya ci babbar jarrabawar malaman lise ta Faransa a fannin fizik, abin da babu wani ɗan ƙasashen Afirka rainon Faransa da ya riga shi yi. Mutumin da ke da irin wannan kai ma sai da aka sa shi zagaye. A 1964 ya wallafa littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya soki wannan tsari da ke tace ɗiyan mutane har ya bar ƙalilan.

Ranar 3 ga Agusta 1960 da muka samu ƴancin kai, mutanen Nijar wajen miliyan 3 ne, kuma yaran da ke lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Lise ɗaya ce tak ke kai yaro bak, wadda yau ake kira Isa Korombe a Yamai. Wanda ya samu, sai gwamnati ta biɗa masa wuri da burs a waje: Dakar, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1957, ko Abijan, ko Faransa. A wancan lokaci jiran bai da tsawo, don masu bak ɗin ba su da yawa. Amma ƙofar ba tamu ba ce, mabuɗin na hannun wasu.

An kuwa ga illar haka. A watan Mayun 1968 ɗaliban Dakar suka yi bore, shugaba Senghor ya rufe jami'ar, aka kwashe ɗaliban ƙasashen waje aka mayar da su gida. A ƙarshen 1970 Abijan ma ta kori baƙin ɗalibai bayan wata zanga-zanga. Yaran da aka tura da kuɗin ƙasa suka dawo da akwatunansu, karatu bai ida ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙasashen yankin kowa ya tashi gina tasa: Lome da Kwatano a 1970, Wagadugu ta zama jami'a a 1974.

1971: ƘOFA TA DAWO GIDA

Mu kuma a 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, a 1973 ta zama Jami'ar Yamai. Masanin lissafi Bubakar Ba ne shugabanta na farko, Abdu Mumuni ya gaje shi a 1979. An gina ta a Harobanda, ƙetaren kogi, inda gadar Kenedi da aka buɗe a 1970 ta haɗa da sauran gari. Da fannin kimiyya aka fara, da ɗalibai ƙalilan, daga baya aka ƙara adabi, kiwon lafiya, noma, horon malamai, tattalin arziki da shari'a.

Dattawan da suka yi karatu a waɗannan shekaru in suna ba da labari, yaran yanzu sai su ɗauka tatsuniya ce. Kamfanin Somair ya fara haƙo yuraniyom a Arlit a 1971, Kominak ya biyo baya a 1978, kuɗɗi suka shigo baitulmali a zamanin Seini Kunce. Mai bak na da burs, yana da gado a site, yana da abinci a resto. Tun yana karatu gwamnati ta san ma'aikatar da za ta kai shi, yana idawa aiki na jiransa. Shekarar karatu na farawa kan lokaci ta ƙare kan lokaci.

Sai dai kar mu manta dalilin wannan sauƙi. Motar ta ishi kowa ne don masu tike ba su da yawa. Galibin ɗiyan talakawan karkara, musamman mata, ko firamare ba su gani ba, balle lise. Su ma ana iya cewa jira suke, sai dai nasu jiran ba wanda ya rubuta shi a takarda.

Ɗaliban makarantun Faransanci da Larabci su ma sun daɗe suna jiran tasu ƙofa. Tun 1957 aka buɗe madarasa ta farko a Sayi, amma wanda ya so zurfafawa sai ya nufi Azhar ko Madina ko wata ƙasar Larabawa. A taron ƙasashen Musulmi na Lahor a 1974 aka yanke shawarar gina jami'a a Nijar, ba ta buɗe ba sai 1986. Shekara 12 tsakanin alkawari da cikawa.

GADAR KENEDI DA FARAREN SHEKARU

Daga farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi. Fari ya zo a 1984, yunwar da mutanenmu suka sa wa suna El-Buhari. Gwamnati ta shiga hannun Asusun Ba da Lamuni da Bankin Duniya, su kuma suka kawo sharaɗin tsuke bakin aljihu. A ganinsu ƙasar da galibin yaranta ba su lakwal bai kamata ta zuba kuɗɗi masu yawa kan ƴan jami'a ƙalilan ba. Aka fara maganar rage burs da daina ɗaukar kowa aiki kai tsaye. Shirin da ake kira Projet Éducation III shi ne ya fi tayar da hankalin ɗalibai.

Ranar Juma'a 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Ali Shaibu, ɗalibai ƙarƙashin ƙungiyar USN suka taso daga Harobanda za su haye gadar Kenedi su shiga gari. Jami'an tsaro suka buɗe wuta. Uku suka rasu: Aliyo Nahanci, Isaka Kaine da Abdu Mamman Sagiru, wasu da dama suka ji rauni. Har yau ɗalibai na tuna wannan rana kowace shekara. Jinin da ya zuba na cikin abubuwan da suka kai ƙasar ga tsarin jam'iyyu da yawa da babban taron ƙasa, wanda ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, masanin tarihi Andre Salifu na shugabantarsa. A 1992 aka sa wa jami'ar sunan Abdu Mumuni, shekara ɗaya bayan rasuwarsa.

Dimokuraɗiyya ta zo, amma baitulmali babu komai. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Aka yi juyin mulki a 1996, aka sake a 1999. Ma'aikata na bin bashin albashi na watanni, ɗalibai na bin bashin burs, yau malamai ke yajin aiki, gobe ɗalibai. A waɗannan shekaru ne muka saba da abin da ake kira farar shekara, wato shekarar da aka soke gaba ɗaya don ba a yi karatun da ya isa a yi jarrabawa ba.

Nan ne asalin ciwon da muke fama da shi har yau. In an soke shekara, kowa na nan ajin da yake. Wanda ya kamata ya fita bai fita ba, wanda ya kamata ya hau aji na biyu bai hau ba, ga kuma sabbi sun taso a baya. Tsara biyu su haɗu kan benci ɗaya. Akwai magidanta da yawa a cikinmu da suka yi asarar shekara ɗaya ko biyu a wancan lokaci ba tare da sun faɗi jarrabawa ko ɗaya ba. Masu hali suka fitar da ɗiyansu zuwa Sakkwato da Kano da Zariya, ko Lome da Kwatano, ko Maroko da Aljeriya. Marasa hali suka zauna jira. Wasu suka dawo suka ida, wasu kasuwa ta tafi da su.

AMBALIYAR ƊALIBAI

Bayan shekara ta 2000 aka samu ɗan kwanciyar hankali, sai kuma wani abu ya taso daga ƙasa. Ƙidayar 1988 ta samu mutum miliyan 7 da ƴan kai, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 miliyan 17. A 2003, zamanin Tanja Mamadu, aka ƙaddamar da shirin ilimi na shekara goma, PDDE. Aka buɗe lakwal a ƙauyuka, ko da ta zana ce, aka ɗauki dubban malaman kwantaragi. Yaran da ke shiga firamare suka ninka.

Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Firamare shekara 6, kolej 4, lise 3, jimilla 13. Yaron da aka rubuta a CI a 2003, in bai maimaita ba, a 2016 zai zauna bak. Wato tun ranar da aka buɗe waɗannan azuzuwa an san ranar da yaran za su ƙwanƙwasa ƙofar jami'a. Mun yi murna da shigarsu lakwal, kuma abin murna ne. Abin da ba a yi da sauri ba shi ne gina amfi da ɗakunan kwana da horar da malaman da za su tarbe su. Gina aji na firamare wata nawa ne? Samar da malamin jami'a mai dokta kuwa, bayan bak sai an ƙara aƙalla shekara 8.

Ba za mu ce ba a yi komai ba. A 2008 aka buɗe cibiyoyin fasaha na IUT a Maraɗi da Tawa da Damagaram. A 2010, lokacin riƙon ƙwarya na Salu Jibo, aka mayar da garuruwan uku masu jami'a. Yau ta Maraɗi na ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ta Damagaram Andre Salifu, ta Tawa Jibo Hamani. A 2014, zamanin Isufu Mahamadu, aka ƙara huɗu: Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Kusan shekara 40 ƙasar ta yi da jami'ar gwamnati ɗaya, cikin shekara huɗu suka zama takwas.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen gabas. Da, ɗan Mirya ko Matamai ko Magarya sai ya yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai, ɗan Madarumfa ko Gidan Rumji sama da kilomita 600, ya je garin da bai san kowa ba. Uwaye da yawa ba su yarda ɗiya mace ta yi wannan nisa. Da jami'a ta zo kusa, ƴan matan da da za su tsaya a bak sun ci gaba. Amma sabbin jami'o'in sun fara ne da gine-ginen aro da malamai kaɗan, kuma kafin su tsaya da ƙafafunsu su ma sun cika. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

YADDA SHEKARU KE HAWA JUNA

Yanzu bari mu ga yadda jiran ke faruwa a aikace, don mai ɗa a gida ya gane. Jami'o'inmu na bin tsarin LMD, wanda ƙasashen UEMOA suka amince da shi a 2007: lisans shekara 3, masta 2, dokta 3. Kowace shekara zango biyu ce. Kowane zango na da makonnin darasi, sannan jarrabawa, sannan gyaran takardu, sannan zaman malamai su fitar da sakamako, sannan jarrabawar cike giɓi ga waɗanda suka faɗi wani darasi. Sai an ida duk wannan kafin ƴan shekarar farko su hau ta biyu su bar wa sabbi amfi.

To a ce aji ɗaya na da ɗalibi ɗari biyar ko dubu, malami ɗaya ne zai gyara takardunsu. A ce amfi ɗaya sassa uku ke rabonsa. A ce malamin wani darasi sai an jira ya zo daga Yamai ko daga wata ƙasa, ya yi darasin zango guda cikin mako ɗaya ko biyu ya koma. Sai kuma burs ya makara, ɗalibai su fita yajin kwana uku, su sabunta. Malamai su ma na da nasu bashin. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na cin mako biyu ko uku. In ka tara, shekarar da ya kamata ta ƙare a Yuli sai ta kai Disamba ko Maris. Ita kuwa bak ba ta makara irin haka, kowace damana sai ta zubo sabbi.

Shekarun baya-bayan nan ma ba su taimaka ba. Ranar 10 ga Afrilu 2017 ɗalibi Mala Bagale ya rasu a zanga-zangar neman gyaran halin karatu a Yamai, aka rufe kampus na ƴan kwanaki. A 2018 rikici ya ɓarke tsakanin ƙungiyar malamai ta SNECS da ta ɗaliban Yamai, karatu ya tsaya makonni. A 2019 malaman suka yi ta yajin aiki kan batun ko zaɓen shugabannin jami'a za a ci gaba da yi ko gwamnati ce za ta naɗa su. A 2020 korona ta sa aka rufe makarantu daga Maris zuwa farkon Yuni. Bayan 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya zo da rufe iyaka da yanke lantarkin Najeriya, Faransa kuma ta dakatar da ba da biza, waɗanda suka shirya tafiya can suka dawo layin gida. Kowa na da hujjarsa a waɗannan rigingimu, kuma ba nan ne wurin raba gardama ba. Abin da ba gardama a kai shi ne, duk makon da aka rasa, wanda ke bakin ƙofa ne ke ƙara jira.

Kar kuma mu ɗauka mu kaɗai ne. Ƴan Maraɗi na ganin ɗaliban Najeriya da ke ƙetaro iyaka zuwa jami'ar Maryam Abacha, mai zaman kanta, da aka buɗe a 2013. Da yawansu gudun nasu jiran suka yo, na JAMB da na yajin aikin malamai, wanda a 2022 kaɗai ya ɗauki wata takwas.

WA KE BIYA?

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Gaskiya ne, kuma manyan likitoci da alƙalai da malamai da yawa da muke gani yau sun sha wannan jira kafin su kai inda suke. Amma daɗewar ba ɗaya take ga kowa ba.

Ɗan mai hali ba ya jira. Ana biya masa ɗaruruwan jikkoki a makaranta mai zaman kanta, ko a fitar da shi waje, watan Oktoba yana aji. Ɗan talaka ne ke zama. Watan farko ana yi masa barka, wata na huɗu an fara tambayarsa mi yake kawowa gida. Sai ya hau kabu-kabu, ko ya tsare shagon wani, ko ya bi abokai bida zuwa Agadas ko Libiya ko wurin haƙar zinariya, da niyyar dawowa in an fara. Wasu na dawowa. Wasu in kuɗɗi suka fara shigowa, ko hanya ta yi nisa, shi ke nan.

Na ɗiya mace ya fi tsanani. A ƙasar da cikin mata huɗu uku ke aure kafin shekara 18, yarinyar da ta kai bak ta riga ta tsallake rijiyoyi da yawa, ita da uwayen da suka tsaya mata. In ta zauna gida wata takwas ba ranar fara karatu, dangi za su fara cewa "to mi ake jira?" Aure ba ya hana karatu in an yi sharaɗi kuma aka cika, amma mun san sau nawa ake cikawa.

Akwai kuma shekarun haihuwa. Lisans ɗin shekara 3 in ta ɗauki 4 ko 5, a ƙara sarbis sibik na shekara 2, sai mutum ya iske wasu konkur ɗin sun wuce shi don ya haura shekarun da aka ƙayyade. Ba wanda ya kore shi, kalanda ce ta cinye shi.

TO MI YA KAMATA?

Ga ku da kuka samu bak kuna gida: "dakata" ba "babu" ba ce. Wurinku na nan, kar ku bari maganar mutane ta sa ku saki. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ku haɗa takardunku tun yanzu, takardar bak da ta maki, ta haihuwa da ta zama ɗan ƙasa, ku kai a buga musu hatimi, ku aje kwafi. Ku yi rajista cikin lokacin da aka tsayar, ku aje dosiyen burs a ANAB kafin a rufe, ku riƙa bin sanarwar jami'ar da kanta maimakon jita-jitar WhatsApp. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗɗi ya sama muku wuri, ku guje shi. Ku biɗi wani ɗan garinku da ke shekara ta biyu a sashen da kuka zaɓa, ku ari darussansa ku fara dubawa. In za ku yi sana'a ku yi wadda za ku iya ajewa ranar da aka kira ku, irin koyar da ƙanne ko koyon kwamfuta. Fada da shayi ba laifi ba ne, amma wata takwas a kan benci na sa kai ya yi tsatsa.

Ga uwaye: yaron nan bai faɗi ba. Ya yi abin da mutum biyu ko uku cikin tsaransa suka kasa. In an zo neman auren ɗiyarku cikin wannan tsakani, maganar karatunta ta fito fili gaban shaidu tun kafin a sa rana.

Ga magabata da shugabannin jami'o'i da ƙungiyoyin malamai da na ɗalibai: mutane sun san gina amfi da horar da malami na son lokaci da kuɗɗi. Amma faɗar gaskiya ba ta son kasafi. Ranar da aka fitar da sunayen sabbin ɗalibai, a faɗa musu watan da za su fara, sashe-sashe, a rubuce, kuma a cika. Wanda ya san zai jira wata shida zai tsara rayuwarsa. Wanda ake ce wa "mako mai zuwa" har sau ashirin, shi ne ke ɓacewa. A biya burs da haƙƙin malamai kan lokaci, don yawancin yajin aikin da muka lissafa a sama daga nan suke tasowa. Kuma a riƙa lissafi tun da wuri: yaran da aka rubuta a CI bana, an san shekarar da za su iso.

Daga 1960 zuwa yau mun tashi daga lise ɗaya da jami'a babu, zuwa jami'o'in gwamnati a kowace jiha. Waɗanda suka kawo mu nan sun yi nasu, wasu ma da ransu suka biya. Abin da ya rage wa wannan zamani shi ne shekarar karatu ta koma wata goma sha biyu.

Ku da kuka bi ta wannan hanya, ku faɗa mana: wace shekara kuka samu bak, a wace jami'a, kuma wane wata kuka fara shiga aji? Ƙannenku da ke gida yanzu na buƙatar su ji daga bakinku cewa ana jira kuma a shiga. Allah ya ba ɗiyanmu sa'a.